Darasi na Bakwai: Takunkumin da Aka Sa wa Nijar

Makiyayi ya san takunkumi tun kafin 'yan jarida su ari kalmar. Shi ne abin da ake saƙawa da igiya a rufe bakin jaki ko raƙumi idan za a ratsa da shi ta gonakin mutane, don kada ya kai wa shuka baki. Masu wasa da kura ma da shi suke ɗaure bakinta. Dabbar tana ganin abinci, tana jin ƙamshinsa, amma babu halin ci. A labaran rediyo kuwa, idan aka ce an ƙaƙaba wa wata ƙasa takunkumi, ana nufin wasu ƙasashe sun haɗa baki sun daina ciniki da ita, sun riƙe kuɗinta, sun hana shugabanninta tafiye-tafiye, har sai ta bar wani abin da take yi. Ya fi jan kunne zafi, bai kuma kai yaƙi ba.

Shekara da shekaru mutanen ƙasar Hausa suna jin labarin takunkumi daga nesa, kan Iraƙi da Libiya da Iran da Kuba. A daminar 2023 abin ya iso har ƙofar gida.

Yadda abin ya faro

Ranar Laraba, 26 ga Yuli 2023, sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare mutumin da aka ɗauke su su tsare lafiyarsa, wato Shugaba Mohamed Bazoum. Bayan kwana biyu kwamandansu, Janar Abdourahamane Tchiani, ya fito a talabijin ya ce shi ne sabon shugaba. Bazoum ya hau mulki ne a ranar 2 ga Afrilu 2021, kuma hawansa shi ne karo na farko tun samun 'yancin kan Nijar a 1960 da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki.

Ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, wadda ake kira ECOWAS a Nijeriya, CEDEAO a Nijar, ta riga ta ƙoshi da juyin mulki. An yi a Mali a 2020, aka sake a 2021. An yi a Gini a 2021. An yi sau biyu a Burkina Faso cikin 2022 kaɗai. Shugabannin farar hula da suka rage kowa ya fara duban masu gadinsa, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga kuma yarjejeniyar da ƙasashen suka sa wa hannu a Dakar a 2001, wadda ta haramta karɓar mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki. Shugaban Nijeriya Bola Tinubu makonsa uku kacal da karɓar jagorancin ƙungiyar, kuma ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa ba za a lamunci juyin mulki ba.

Ranar Lahadi, 30 ga Yuli, shugabannin suka taru a Abuja. Suka ba sojojin Yamai wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa, in ba haka ba za a iya amfani da ƙarfin soja. Suka kuma sa takunkumi nan take.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan takunkumin da wanda aka sa wa Mali daga Janairu zuwa Yulin 2022. A na Mali an cire abinci da magunguna da man fetur da wutar lantarki, aka ce su a bar su su wuce. A na Nijar ba a cire komai ba. Hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta roƙon a buɗe wa kayan jinƙai hanya, kayan suna jibge a ƙasashe maƙwabta.

Iyaka

Nijar ba ta da teku. Yawancin shinkafar waje da ake sayarwa a kasuwar Yamai, da magunguna, da ƙarfen gini da kayan gyaran mota, sai sun sauka a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa, sannan a loda su a tirela. Babbar hanyar a lokacin ita ce ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, ta haura arewa har Malanbil, ta ƙetare gadar Kogin Kwara ta faɗa Gaya. Da aka rufe gadar nan, manyan motoci suka yi jerin gwano a gefen Benin, tsawon kilomitoci. Direbobi da yaran mota suka share makonni suna kwana a ƙarƙashin motocinsu, guzuri ya ƙare, kayan gwari suka ruɓe. Masu kwale-kwale suka samu kasuwa: a sauke kaya a wannan gaɓar, a yi fito da su zuwa waccan, a sake lodi. Kowane saukewa da ɗorawa kuɗi ne, kuma a kan mai saye kuɗin yake ƙarewa.

Hanyar da ta rage ita ce ta Lome a Togo, ta bi ta Burkina Faso ta shigo ta Tera. Ta fi nisa, kuma tana ratsa yankin da masu ɗauke da makamai suke tare hanya, don haka sai motoci sun taru sojoji sun yi musu rakiya.

Iyakar Nijeriya da Nijar kuwa labarinta daban ne. Tsawonta kusan kilomita 1,500, ta taɓa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a kan takarda, cikin yarjejeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906, suka bi ta tsakiyar dangi. Gidan sarautar Katsina na kafin jihadi a Maraɗi ya zauna, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa suna Tsibiri, suna Sabon Birni. Mutum yana da gona a nan, surukansa suna can. Ba banza ba ake ce wa ƙasashen biyu Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Ta Ilela da Birnin Ƙonni, ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Kwangwalam, ta Maigatari, ta Kamba, shanu da raguna da raƙuma da wake da albasa da dabino suke gangarowa kudu. Masara da gero da siminti da kayan roba da atamfa suke haurawa arewa. Kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis ta dogara ƙwarai da dabbobin da ake korowa daga hayi. Kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano tana da abokan ciniki na shekaru a Maraɗi da Damagaram. Da aka datse ƙofofin nan, asarar ba ta tambayi katin ɗan ƙasa ba. Dillali a Jibiya ya zauna babu la'ada, ɗan dako a Ilela ya wuni bai ɗauki kaya ba, mai abinci a tasha ta rasa masu saye, kamar dai yadda abin ya samu takwarorinsu na ɗaya gefen. Wannan kuma ya zo ne wata biyu bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya, lokacin da kowa yake kuka da tsadar rayuwa.

Ciniki bai mutu ba, sai dai ya koma ɓarauniyar hanya. Babura suka riƙa ratsa gonaki da buhuna, dare da rana. Wanda ya ci riba shi ne mai fasa-ƙwauri da mai karɓar na goro a shinge.

Dattawa a Nijar sun ga irin wannan. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokacin suna El-Buhari. Ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da sunan hana shigo da shinkafar waje.

Wuta da kuɗi

A farkon Agusta Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar. A lokacin kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Nijeriya take zuwa, kuma babban layin shi ne wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Birane suka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Mai walda, mai niƙa, tela, mai sayar da ƙanƙara, da asibitin da ke ajiye allurar rigakafi a firiji, kowa ya koma kan janareta in yana da hali. Shi kansa Bazoum, wanda don shi aka yi abin, masu tsare da shi sun yanke wutar gidan da yake ciki.

Batun kuɗi shi ne wanda ba a gani da ido, amma ya fi shiga jiki. Nijar ba ta buga kuɗinta da kanta. Tana cikin ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta yammacin Afirka, kuma babban bankinsu ɗaya ne, BCEAO, mai hedikwata a Dakar. A nan asusun baitulmalin gwamnati yake. Abin ya yi kama da 'yan adashe takwas da suka damƙa wa uwar adashe kuɗinsu: in sauran bakwai suka ce kada a ba ɗaya kwasarsa, kuɗin nasa ne, amma hannunsa ba zai kai gare su ba. Haka aka yi wa Nijar. Aka kuma hana ta shiga kasuwar da gwamnatocin yankin suke sayar da takardun lamuni su ci bashin gajeren lokaci, wanda da shi ake cike giɓi kafin haraji ya shigo. Saboda haka ta kasa biyan basussukan da lokacinsu ya yi, bankuna kuma suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira daga ajiyarsa.

Masu ba da tallafi su ma suka janye hannu. Faransa da Jamus da Tarayyar Turai suka dakatar da nasu, Bankin Duniya ya tsayar da sakin yawancin kuɗinsa. A watan Oktoba gwamnatin soja ta zaftare kasafin kuɗin 2023 da kashi 40 cikin 100, daga sefa kimanin biliyan 3,290 zuwa kimanin biliyan 1,980. Idan aka rage kasafi haka, ba bindiga ake fara fasa saye ba. Ajin makaranta da ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse su ne suke jira.

Masu rawani da malamai

Lissafin shugabannin ECOWAS shi ne wahala za ta sa jama'a su juya wa sojoji baya. Akasin haka aka gani, aƙalla a Yamai. Ranar 6 ga Agusta, ranar da wa'adi ya cika, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché suna jinjina wa sojoji. Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar cewa duk wanda ya kai wa Nijar hari, su ya kai wa. Masu mulkin soja suka samu abin faɗa: duk wata tsada da duk wani duhu, ga waɗanda suka jawo, ga kuma Faransa a bayansu. Janar Tchiani ya riƙa yin doguwar hira da Hausa a gidan talabijin na ƙasa, maganarsa tana isa Katsina da Kano kamar yadda take isa Tawa.

A Nijeriya ma ba a samu goyon bayan yaƙi ba. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa da ya bi hanyar sulhu, sanatocin arewa suna kan gaba. Duk da haka taron shugabanni na 10 ga Agusta ya ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. Rundunar ba ta taɓa motsawa ba.

Abin lura shi ne waɗanda ƙofa ta buɗe musu. Tawagar farko ta ECOWAS, ƙarƙashin tsohon shugaban Nijeriya Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ta sauka Yamai ta koma ba ta ga Tchiani ba. Wanda ya fara samun ganinsa daga Nijeriya shi ne Muhammadu Sanusi II, a ranar 9 ga Agusta, lokacin ba ya kan karagar Kano. Bayan kwana uku tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi. Sai a ranar 19 ga wata Abdulsalami ya koma ya gana da Tchiani, aka kuma bar shi ya ga Bazoum. Zumuncin da takunkumi ya nemi ya datse, shi ne ya buɗe hanyar magana.

Me ya sa bai ci ba?

Takunkumi yakan yi aiki wani lokaci. A Afirka ta Kudu ya taimaka wajen karya mulkin wariyar launin fata, kuma Nijeriya tana cikin waɗanda suka fi matsawa. Sai dai a can waɗanda ake zalunta ne da kansu, ta bakin jam'iyyar ANC, suka roƙi duniya ta ƙaurace wa ƙasarsu, suka ce sun yarda su sha wahalar. An kuma ɗauki shekaru masu yawa kafin a saki Nelson Mandela a 1990. A Iraƙi, takunkumin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a 1990 ya talauta jama'a fiye da shekara goma, Saddam Hussein yana nan daram. Wannan ne ya sa masana suka fara ba da shawarar a riƙa auna masu mulki kai tsaye, a riƙe dukiyarsu, a hana su fita, a bar talaka ya ci abinci.

Barazanar soja ma ta taɓa yi wa ECOWAS rana. A Janairun 2017 Yahya Jammeh na Gambiya, wanda ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka, ya tattara ya bar ƙasar da ya ga dakarun ƙungiyar sun ƙetare iyaka. Amma Gambiya 'yar ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kusa zagaye ta. Nijar ta fi Nijeriya faɗin ƙasa, sojojinta sun haɗa kai, maƙwabta biyu suna bayanta.

Akwai kuma batun mutunci. Jama'a sun ga yadda Alpha Condé a Gini da Alassane Ouattara a Kodebuwa suka zarce wa'adi na uku a 2020 ba tare da ƙungiyar ta ɗaga murya sosai ba. Da ta tashi hukunta soja, mutane da yawa suka ɗauke ta ƙungiyar kare kujerun shugabanni.

Wannan bai wanke masu juyin mulki ba. Mutumin da jama'a suka zaɓa an tsare shi da matarsa Hadiza ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kuma wannan zalunci ne ko wane ne ya yi shi. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a ranar 15 ga Disamba 2023 cewa a sake shi, ba a saurara ba. Shekara biyu cur bayan juyin mulkin yana nan a tsare. Shekara uku da Tchiani ya ambata da farko a matsayin wa'adin riƙon ƙwarya ta koma biyar, aka rantsar da shi shugaban ƙasa a ranar 26 ga Maris 2025, aka rusa jam'iyyun siyasa. Mai sukar takunkumi saboda tausayin talaka, ya kamata tausayin nan ya kai ga haƙƙin talakan na zaɓen wanda zai mulke shi.

Bayan an kwance

Ranar 16 ga Satumba 2023 Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla ƙawancen da ake kira AES. Sojojin Faransa, kimanin 1,500, suka gama ficewa daga Nijar a Disamba. Ranar 28 ga Janairu 2024 ƙasashen uku suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS. Nan hankalin kowa ya tashi. Janar Yakubu Gowon, wanda yana cikin shugabannin da suka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, ya fito ya roƙi a ɗage takunkumin. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage, aka ce don jinƙai ne, ganin Kiristoci suna azumi, watan Ramadan kuma yana ƙaratowa. Kusan wata bakwai ke nan, ba a samu ko ɗaya daga abubuwan da aka nema ba. Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka a ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata gefen ranar 22 ga wata.

Gadar Gaya kuwa ba ta buɗe ba. Benin ta cire nata shingen, Nijar ta ƙi, tana zargin maƙwabciyarta da ba sojojin Faransa mafaka, zargin da Benin ta musanta. Rigimar ta shafi bututun mai na kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, har Shugaba Patrice Talon na Benin ya hana lodin man Nijar na ɗan lokaci a watan Mayun 2024. Amurka ma ta kwashe sojojinta daga sansanin Agadas a cikin shekarar.

Ficewar ƙasashen uku ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta koma ƙasashe 12 daga 15. ECOWAS ta ce kafin a cimma sabuwar matsaya za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, a kuma bar su su yi zirga-zirga da kayansu kamar da. A kan wannan sanarwar ta wucin gadi bafataken da ke kai albasa daga Galmi zuwa Kumasi yake tafiya, haka ma wanda ke koro raguna daga Damagaram zuwa Kano gab da Babbar Sallah.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya nemi mutum ɗaya da sana'arsa ta shafi kan iyaka, direba ne ko dillalin dabbobi ko mai sayar da hatsi, ya tambaye shi yadda ya yi tsakanin Agustan 2023 da Maris na 2024: ta wace hanya kaya suka riƙa zuwa, kuma nawa ya ƙaru a kan kuɗin dako? A rubuta amsar cikin layi goma a karanta wa aji.

Sannan a kasu gida biyu a tattauna. Da ɗalibi yana cikin shugabannin da suka zauna a Abuja ranar 30 ga Yuli, kuma bai yarda da juyin mulki ba, wane mataki zai kawo wanda zai taɓa masu bindiga ya bar mai tallan ƙanƙara?